Mutumin da ya sa wa wasa suna Kajin Kaka

Shagon yana layin masu gyaran kayan wuta, tsakanin mai gyaran fanka da wata mata mai sayar da caja. Faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannuwa ya taɓa bango da bango ba. Akwai talabijin a saman kantar shagon, da benci, da katakai da aka kafe a bango, faya-fayan wasan bidiyo jere a kansu kamar littattafai. Da can, kowane faifai yana da tef a gefensa, kore ko ja, an rubuta suna a kai da alƙalami mai kauri. Yanzu yawancinsu babu komai sai tabon danƙo inda aka ɓare tef ɗin.

Mai shagon ya haura hamsin, gajere ne, yana rataye da tabarau a wuya. Ba mai kiran sunansa na yanka a layin. Sa-Suna ake ce masa, kuma shekaru da yawa yana jin daɗin laƙabin. Yanzu in an kira shi da shi, sai ya ɗan sunkuyar da kai kafin ya amsa.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta ɗauke shi ta tafi da shi gidan mijinta. Har yau Auta take ce masa, shi kuma Yaya. A wurin mijin yayar ya koyi gyaran rediyo. Da rediyo ya ja baya sai ya koma kaset, daga kaset ya koma faifan fim, daga nan ya faɗa wasan bidiyo, wanda yaran layin ke kira gem. Yana gyara na'urorin, yana sayar da faya-fayan, yana ba da haya. Hannunsa a gyara ba shi da na biyu, wannan ko waɗanda ke masa dariya yanzu ba su musa ba.

Abin da ya dame shi tun shigarsa harkar shi ne sunayen wasannin. In aka taɓo maganar, har yau sai ya manta da kunyarsa na ɗan lokaci ya ɗaga murya.

"Wani wasan sunansa ya ce shi ne yaƙi na ƙarshe," ya ce mini ranar da na fara zuwa shagonsa. "Ka sayar. Baɗi a kawo maka na biyunsa. To na ƙarshen me? Wani an rubuta masa lamba uku, amma labarinsa kafin na ɗaya ya faru. Wani an ɗauko sunan wanda ya fito tun yaran nan ba a haife su ba, an liƙa wa sabo, ko harafi ba a canza ba. Uba ya zo ya ce ɗansa ya aiko shi, ka ce wanne a ciki, ya ce au, biyu ne? Ya saya ya koma gida, yaro ya yi ta kuka, gobe ya dawo maka da fuska kamar kai ka cuce shi."

Shi ya sa ya fara raɗa musu suna da kansa. Akwai Direba Ba Birki, akwai Sojan da Ba Ya Gajiya, akwai Jera Bulo, akwai Ƙwallon Bana da Ƙwallon Bara. Sunayen suka kama baki har wasu shagunan suka ara. Sai ya ƙara da tef: kore na yara, ja na manya. Iyaye suka huta. Uwa za ta tsaya a bakin shago, ko shiga ba ta yi ba, ta ce, "Sa-Suna, ba ni kore guda ɗaya," ta karɓa ta wuce.

Ga yadda yake aikin. In sabon kaya ya zo, da safe kafin layi ya cika, sai ya sayo shayi a kofin gilashi, ya sa faifai, ya zauna. Ya kalli hoton bango, ya kalli buɗewar wasan, ya ɗan danna nan da can. Idan shayi ya ƙare, hukunci ya ƙare. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta suna, ya yanki tef. Wasan da bai nuna jini ba kafin shayi ya ƙare, kore ne.

Akwai abin da ba wanda ya lura da shi, ko kuma ba wanda ya faɗa. Ba a taɓa ganin Sa-Suna yana buga wasa da kowa ba. In samari suka miƙa masa abin dannawa suka ce, "Oga, zo mu gwada," sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Mai fanka, wanda suka shekara suna tsokanar juna, yakan leƙo ya ce, "Ku ƙyale shi, wanzami ba ya son jarfa." A yi dariya, magana ta wuce.

Yayarsa tana aiki a wani asibiti, a ɗakin yara masu karaya. Ba nas ba ce. Ita ke canza zanen gado, ta share ƙasa, ta tura keken magani, ta rarrashi mai kuka. Ta daɗe a ɗakin har likitoci matasa suna ce mata Mama. Yaran ɗakin na daɗewa a kwance, wasu an rataye musu ƙafa da igiya da nauyi, ba damar ko juyawa, sai kallon silin.

Wani uba da aka sallami ɗansa ya bar na'urar gem kyauta ga ɗakin. Babbar nas ba ta so ba. Ta ce hayaniya ce, ga wayoyi a ƙasa, kuma ita ba ta san abin da ke cikin waɗannan wasanni ba. Yaya ce ta bi ta har ofis.

"Sista, ƙanena sana'arsa ke nan," ta ce mata. "Ni na raine shi. In ya ce miki kore ne, ki rufe ido ki ba yaro."

Babbar nas ta yarda, a kan maganarta.

Sa-Suna ya rufe shago da wuri ranar. Ya zaɓi faya-fayai cike da kwali, duk kore, ya sa rigarsa mai kyau, ya kai da kansa. Ya haɗa wayoyi, ya ɗaure su a bango, ya kunna. Yara suka yi tafi daga kan gadajensu. Mai caja ta ce ya yi mako yana ba da labarin tafin nan ga duk wanda ya tsaya sayen batir.

A cikin kwalin akwai wani wasa da ya zo ba da daɗewa ba. Sunan da masu shi suka ba shi, in an juya shi zuwa Hausa, kusan Hutu Mai Daɗi a Gona ne. A bangon akwai rana, da shinge, da wata tsohuwa mai murmushi riƙe da kwando. Da Sa-Suna ya kunna shi da shayinsa, ya ga yarinya ta zo hutu gidan kakarta, tana watsa wa kaji hatsi, tana tsintar ƙwai, kiɗa mai sanyi yana tashi. Ya rubuta Kajin Kaka. Ya ce a ransa ko jinjiri aka ba ba laifi.

Wata yarinya ce ta kamu da son wasan. Shekararta kamar takwas, gadonta na bakin taga, ta fi kowa daɗewa a ɗakin. Wasan ba ya bukatar sauri, ana iya buga shi a kwance, don haka kullum in layinta ya zo shi take cewa a sa mata. Ta sa wa kajin sunaye. Sauran yaran suka san sunayen, suna tambayarta ko baƙar nan ta yi ƙwai yau. Talabijin ɗin ɗaya ne, kowa kallonsa yake.

Masu wasan da gangan suka yi shi haka. Sai mai bugawa ya saki jiki, ya cika rumbu, ya saba da gidan, sannan kakar ta aiki yarinyar ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta ɗauko abu. Daga nan ƙofa ta rufe, fitila ta mutu, wasan ya nuna abin da aka yi shi dominsa. Wasan tsoro ne na manya. Murmushin tsohuwar da sunan mai daɗi duk tarko ne.

Da la'asar ne abin ya faru, bayan an raba magani. Nas ɗin da ke aiki ta fita karɓo kaya, Yaya tana wajen wanki. Yarinyar ta sauka ɗakin ƙasa a cikin wasan, duk ɗakin na kallo. Da fuskar tsohuwar ta canza, sai ta saki abin dannawa ya faɗa ƙarƙashin gado. Ba wanda zai iya tsayar da wasan, ba kuma wanda zai iya gudu, don duk a ɗaure suke a gado. Yaya ta ji ihun tun daga baranda. Ta shigo a guje ta fizge waya daga bango. Kafin nan wani yaro ya tumɓuke allurar ruwan da ke hannunsa, ita kuma yarinyar ta zabura da ƙarfi har nauyin ƙafarta ya goce. Sai da aka kira likita ya sake daidaita ƙashin.

Babbar nas ta kulle na'urar a kabad. Ba ta yi faɗa ba. A gaban ma'aikata ta dubi Yaya ta ce, "Mama, ke kika ce in rufe ido. Na rufe." Washegari aka mai da Yaya ɗakin wanki.

Da hantsi ta zo shagon, ba ta ko cire kayan aiki ba. Samari biyu na kan benci, mai fanka na bakin ƙofa yana goge hannu. Ta ajiye faifan a kan kantar shagon.

"Yaya, sannu da zuwa. Lafiya?"

"Kunna wannan."

"Kajin Kaka? Ya ƙi yi ne? Wataƙila ƙura ce, bari in goge."

"Ba ƙura ba ce. Kunna."

Ya kunna. Kiɗan nan mai sanyi ya tashi, kaji suka fito. Ta ja kujerarsa ta zauna, ta miƙa masa abin dannawa.

"Akwai ɗaki a ƙarƙashin gidan nan. Kai ni can."

"Wane ɗaki?"

"Au, ba ka san da shi ba? Kai ka sa masa suna. Kai ni inda yarinya mai shekara takwas ta kai tana kwance da ƙafa a rataye."

Ya karɓa. Abu na farko da wasan ke nema shi ne a kora kaji cikin akurki. Sa-Suna ya danna, yarinyar cikin wasan ta nufi shinge ta tsaya tana dungurinsa. Ya juya ta, ta faɗa rami. Ya fito da ita, kaji suka watse. Ɗaya daga samarin ya yi ƙasa da murya ya ce, "Oga, na hagun ne na tafiya." Ya danna na hagun, yarinyar ta yi ta zagaye a wuri ɗaya kamar an ɗaure ta a turke.

Mai fanka ya fara dariya, ya dubi fuskar Yaya, ya haɗiye.

"Auta," ta ce. "Dube ni. Ka iya abin nan ko ba ka iya ba?"

Ya ajiye abin dannawa a kan kantar.

"Ban iya ba, Yaya."

"Wannan wasan, ko dukansu?"

"Dukansu."

"Tun yaushe?"

"Tun farko. Farkonsu nake kallo."

Ta ɗaga kai ta bi katakan nan da kallo, jere bayan jere, kore da ja. Sannan ta gaya masa abin da ya faru a ɗakin, tun daga ihun har zuwa likita, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Da ta gama ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Na tsaya gaban matar nan na ce ni na raine ka," ta ce. Ta fita ba sallama.

Kafin azahar labari ya kai ƙarshen layi. Layin masu gyara ba ya barin irin wannan ta wuce. In ya fito sayen shayi, wani zai yi cara kamar zakara daga cikin shago. Wani ya ce, "Sa-Suna, ina kwana, ya kaka, ya kaji?" Mai fanka ya kawo masa wata tsohuwar fanka ya ce ya taimaka ya duba, kore ce ko ja. Sa-Suna bai rama ba, shi da bakinsa ba ya mutuwa. Ya kira Yaya a waya, ba ta ɗauka ba. Ya je gidanta, jikarta ta ce tana barci, alhali yana jin muryarta a tsakar gida.

A ranar ya ɗauki reza ya fara ɓare tef. Ya ɓare kore duka, sannan ya ga ai jan ma da shayi ɗaya ya yanke musu hukunci, sai ya ɓare su su ma. Iyayen da suka zo neman kore ya ce musu babu. Wata uwa ta tambaye shi ko wanda ta saya wa 'yarta bara yana da lafiya. Ya ce bai sani ba. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Kai ne fa ka ba ni." Ya ce, "Ni ne."

Ya je wurin babbar nas. Ta bar shi a tsaye a ofis har ta gama rubutunta.

"Malam, me kake so?"

"Na zo ba da haƙuri, Sista. Laifina ne, ba na yayata ba. Kuma yaran nan ba su yi komai ba da za a hana su."

"Haƙuri na karɓa. Na'ura tana kabad. In kana so ta fito, kawo mini wasan da ka kai ƙarshensa da hannunka, ka zauna a gabana ka buga in gani. Ba wanda aka ba ka labari ba, ba wanda ka kalla a waya ba."

"Ita Yaya fa?"

"Na'urar ce ta fitar da ita. In na'urar ta dawo, sai mu gani."

Mai caja ce ta koya masa bugawa. Tsakanin ciniki takan buga wasa a wayarta, kuma ta ce ta daɗe da gane cewa maƙwabcinta bai iya ba, tun ranar da ta ga yadda yake riƙe abin dannawa kamar mai riƙe kwano mai zafi. Ba ta faɗa ba don ba a tambaye ta ba. Takan ja kujerarta zuwa bakin ƙofarsa, ido ɗaya a kan kayanta.

"Baban yara, a hankali mana. Ba ƙusa kake bugawa ba."

"Ai shi ne ya ƙi tafiya."

"Kai ne ka ƙi sakinsa. Kalli talabijin, daina kallon yatsunka, ba za su gudu ba."

Mutumin da ke iya liƙa waya siririya kamar gashi ya zauna yana koyon tura ƙwallo, samari na tsaye a bayansa suna cije leɓe. Bai kore su ba, bai kuma ja ƙofa ba. Ya ce tunda a gabansu ya yi ƙaryar, a gabansu zai koya. Ana cikin haka ya gano wasu biyu daga tsofaffin korensa da ba su cancanta ba. A ɗaya, direban nan da ba shi da birki yana samun lada in ya take mutane. Ranar da ya ga haka bai ci abincin rana ba, yana ta lissafin gidajen da ya shigar da faifan.

An ɗauki watanni. Da ya koma asibiti, faifai uku ne a hannunsa: na ƙwallo, na tseren kwale-kwale, da Jera Bulo. Ya zauna a ofis ya buga wa babbar nas na ƙwallo, aka ci shi, ya buga na kwale-kwale ya zo na kusa da ƙarshe. Ta ɗaga na ukun.

"Wannan ka kai ƙarshensa?"

"Sista, wannan ba shi da ƙarshe. Na yi ta jerawa har babban yatsana ya kumbura. Bulo ne kawai. Ba ya rikiɗewa ya zama komai."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ciro makulli daga aljihu.

Ya ɗauki na'urar zuwa ɗakin yara. Tun a hanya yake maimaita abin da zai ce wa yarinyar. Da ya shiga ya dubi gadon bakin taga, sai ya ga wani yaro ne a kai. An sallame ta da daɗewa. Wata nas ta ce ƙafar ta haɗe lafiya, amma uwarta da ta kawo ta a duba ta ta ce har yanzu yarinyar ba ta yarda ta bi ta inda ake sayar da kaji. Ba wanda ya san gidansu a cikin waɗanda ya tambaya. Yaran da ke ɗakin duk sababbi ne, ba su san shi ba, ba su san abin da ya faru ba. Da hoto ya fito a talabijin suka yi tafi. Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da ɗaure waya.

Yaya ta shigo da zannuwan gado daga wanki, ta tsaya a bayansa. Rabon da ta yi masa magana tun ranar shagon.

"Auta, ɗaga wayar nan sama, kada wani ya yi tuntuɓe."

"To, Yaya."

A makon da ya biyo aka mai da ita ɗakin yara.

Yanzu a shagon, koren tef ya ƙaru kaɗan, bai cika rabin katako ɗaya ba. Sauran faya-fayan yana sayar wa manya da sunan da suka zo da shi, ya ce musu bai san cikinsu ba. Faifan kajin yana can saman katako na ƙarshe, tef ja a gefensa, ba rubutu. Ya iya kora kajin yanzu, ya cika rumbun, ya kai bakin ƙofar ɗakin ƙasa. Nan yake tsayawa ya kashe. Ya ce ba zai sake masa suna ba sai ya ga abin da yarinyar ta gani, kuma bai shirya ba tukuna.

Ranar da na je na ƙarshe, wani uba ya shigo da ɗansa a hannu ya ce a ba shi kore. Sa-Suna ya sauko da 'yan faya-fayan ya shimfiɗa a kan kantar. Uban ya dube su, ya dubi bangon da ke cike, ya nuna wani mai hoton ɗan kwikwiyo da balan-balan.

"Wancan fa? Ai da gani na yara ne."

Sa-Suna ya sa tabarau ya dubi hoton, ya mai da faifan inda yake.

"Ban kai ƙarshensa ba," ya ce. "Ka dawo wata mai zuwa."